ZOBEN LU'ULU'U: SABON NAUYIN DA AKE SON ƊORA WA AURE

Yabo da godiya su tabbata ga Allah wanda Ya halatta aure, Ya haramta alfasha, Ya kuma sanya sauƙi a cikin addininSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya ta tsallaka zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ya san cewa abin da ke ratsa iyaka ya wuce buhunan hatsi da dabbobi da atamfofi. Ɗabi'u ma suna tsallakowa, kuma su babu jami'in kwastan da ke tare su. A 'yan shekarun nan wata baƙuwar ɗabi'a ta fara leƙowa cikin sha'anin aurenmu. Ta taso daga manyan birane, ta shigo ta wayoyin hannu da finafinai, ga ta yanzu tana ƙwanƙwasa ƙofar talakan bakin iyaka. Wannan ɗabi'a ita ce ta zoben baiko mai ɗauke da dutsen da ake kira daimon ko lu'ulu'u. Saurayi ya tara abokai, ya durƙusa a gaban yarinyar da ba a ɗaura musu aure ba, ya kama hannunta ya zura mata zobe, a yi tafi da guɗa, a ɗauki hoto a watsa a Facebook da TikTok. Har ma an fara jin matasa suna tambayar juna yadda ake zaɓen dutse mai kyau, alhali da yawansu ba su taɓa tambayar malami rukunan aure ba.

Mun ga wajibi ne mu yi magana tun abin yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka lefe ya fara da 'yan tufafi a cikin kwando, yau ga shi ya zama jerin akwatuna masu hana samari barci.

DAGA INA ZOBEN YA FITO?

Kafin mutum ya ɗauki abu ya liƙa wa rayuwarsa, hankali yana hukunta ya binciki asalinsa. Ba a san zoben baiko a cikin sahabbai ba, ba a san shi a cikin tabi'ai ba, kuma babu babinsa a Muwaɗɗa ko Risala ko Mukhtasar. Haka nan kakanninmu Hausawa ba su san shi ba. Abin da suka sani shi ne gaisuwar iyaye da raba goro da sa rana.

Asalinsa yana komawa ga Rumawan dā, waɗanda namiji kan bai wa mace zobe a matsayin alamar ya kama ta. Daga cikin camfe-camfen da Turawa suka gada har da cewa wai akwai wata jijiya da ta taso daga yatsa na huɗu na hannun hagu ta zarce zuwa zuciya, shi ya sa suka keɓe wannan yatsa da zobe. Ilmin likitanci ya ƙaryata wannan. Daga baya coci ta rungumi al'adar. A shekarar 866 Paparoma Nikolas na Ɗaya, cikin amsar da ya aika wa mutanen Bulgeriya, ya ambaci zoben a cikin tsarin baikon Kirista. Shaikh Nasiruddin Albani, Allah Ya yi masa rahama, ya yi bayani a littafinsa Adabuz Zifaf cewa a tsohuwar al'adarsu ango yakan ɗora zoben a kan yatsu uku ɗaya bayan ɗaya yana ambaton aƙidarsu ta allah-uku-cikin-ɗaya, sannan ya bar shi a yatsa na huɗu. Shi kuwa sanya daimon a kan zoben, labarin da aka fi ambata shi ne na wani yariman Ostiriya mai suna Maksimiliyan, wanda ya aika wa Maryamu ta Burgundi irinsa a shekarar 1477. Bayan haka abin ya daɗe yana hannun sarakuna da manyan attajirai kawai.

To, yaya aka yi ya zama kamar farilla a kan kowane saurayi? A nan ne labarin yake da ban mamaki.

AL'ADAR DA 'YAN TALLA SUKA ƘERA

A shekarar 1867 aka tsinci daimon a Afirka ta Kudu, kuma zuwa 1871 mahaƙa sun yi dafifi a wurin da ya zama garin Kimbali. Dutsen da dā ake ganinsa jefi-jefi daga Indiya da Barazil sai ya fara fitowa da yawa, masu jari suka tsorata kada darajarsa ta zube. A shekarar 1888 Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakan nan da aka sanya wa ƙasar Rodeshiya sunansa, ya haɗe ma'adinan a ƙarƙashin kamfanin De Beers. Baƙaƙen fata masu haƙa kuwa tsare su ake yi a cikin shinge har ƙarshen kwantiraginsu, ana caje jikinsu kamar ɓarayi a ƙasar kakanninsu. Shekaru da dama wannan kamfani yana riƙe da mafi yawan ɗanyen daimon na duniya, yana ɓoye wani a rumbu yana sakin wani kaɗan-kaɗan, domin mutane su ɗauka dutsen yana da ƙaranci.

Da kasuwa ta faɗi a shekarun 1930, sai a 1938 kamfanin ya ɗauki hayar wani gidan talla na Amurka mai suna N. W. Ayer. Aikin da aka ba su shi ne su cusa wa samari cewa girman dutse shi ne girman so, su cusa wa 'yan mata cewa neman aure bai cika ba sai da daimon. Aka rataya wa taurarin finafinai duwatsu, aka cika mujallu da hotuna, har makarantun sakandare aka aika masu lacca. A shekarar 1947 wata ma'aikaciyar gidan, Frances Gerety, ta ƙirƙiro taken da ke cewa daimon na har abada ne. Wannan take yana harbin tsuntsu biyu da dutse ɗaya: yana sa a saya, yana kuma sa a ji kunyar sayarwa, domin da mata sun riƙa mayar da zobbansu kasuwa da asirin farashin ya tonu. Su ne kuma suka ƙayyade wa saurayi abin da zai kashe. Da farko suka ce albashin wata ɗaya, zuwa shekarun 1980 suka mayar da shi wata biyu.

Wanda ke shakkar ƙarfin talla ya dubi Japan. Mutanen Japan suna da tsohuwar al'adarsu ta aure wadda babu zobe a cikinta. A shekarar 1967, lokacin da aka fara yi musu wannan talla, amaren da ke samun zoben daimon ba su kai biyar cikin ɗari ba. Zuwa 1981 sun kai kimanin sittin cikin ɗari, kuma su albashin wata uku aka yanka musu. Cikin shekara goma sha huɗu aka sauya ɗabi'ar al'umma guda, babu bindiga babu doka. Shin muna zaton mu mun fi ƙarfin a yi mana haka, alhali allon tallan yana cikin aljihun kowane yaro?

Saboda haka abin da ake kira wayewa a nan, dabara ce ta 'yan kasuwa wadda ko shekara ɗari ba ta cika ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya ba da labari, a hadisin Abu Sa'id Al-Khudri da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wannan al'umma za ta bi sawun waɗanda suka gabace ta taki bayan taki, har da za su shiga ramin damo da ta bi su. Ga ramin nan a gabanmu, kuma wanda ya haƙa shi ma ɗan talla ne.

WAI YAYA AKE ZAƁEN DUTSEN?

Bari mu amsa wa matasanmu tambayar da suke yi, domin amsar kanta hujja ce a kansu. Da farko, kalmar lu'ulu'u a Larabci sunan abin da ake cirowa ne daga cikin kawar teku, kuma shi ne wanda Alƙur'ani ya ambata a cikin adon 'yan Aljanna a Suratul Hajji da Suratu Faɗir. Daimon kuwa Larabawa almas suke ce masa. Don haka kada mai shago ya ruɗi kowa da cewa dutsensa ne aka ambata a Littafin Allah. Ta fuskar halitta, sinadarin daimon shi ne sinadarin gawayi da bakin fensir. Zafi da matsi na ƙarƙashin ƙasa ne suka mayar da shi mai tauri da ƙyalli.

Masu sana'ar suna auna shi da abubuwa huɗu, bisa tsarin da wata cibiya ta Amurka mai suna GIA ta shimfiɗa a shekarun 1950. Na ɗaya nauyi, wanda ake ƙirgawa da karat, kuma karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Wannan karat daban yake da na zinari, wanda shi tsarkin ƙarfen yake nunawa. Na biyu launi, wanda suke jerawa da haruffa daga D zuwa Z, daga wanda ba shi da launi ko kaɗan zuwa mai ɗan rawaya. Na uku tsabtar cikinsa daga tabo da tsaga, wadda sai da madubin da ke ƙara girman abu sau goma ake tantancewa. Na huɗu yanka, wato yadda aka fere fuskokinsa domin su mayar da haske.

Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah: saurayin da ke tsaye a gaban mai kayan ƙyale-ƙyale a Katsina ko Maraɗi, ko wanda ya tura kuɗi ga wata mai saro kaya daga Dubai da ya gani a waya, wanne daga cikin waɗannan huɗun zai iya tantancewa? Ko ɗaya. Akwai duwatsun kwaikwayo, irin su zirkoniya da moisanait, waɗanda idon da bai ƙware ba ba zai raba su da na ainihi ba, kuma na biyun yakan ruɗi ƙananan na'urorin gwaji ma. Takardar shaidar da ake haɗawa da dutse kuwa, a inda ake buga jabun takardu iri-iri, ita ma abar bincike ce. Mutum ya biya kuɗi mai yawa a kan abin da bai san haƙiƙaninsa ba. Shari'a ta yi hani da cinikin garari, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim daga Abu Huraira (R.A.), kuma wanda ya sayar da gilashi da sunan daimon ya faɗa cikin algus da cin dukiyar mutane da ɓarna.

A ce ma dutsen na ainihi ne. Tun shekarar 1954 masana suka iya ƙera daimon a ɗakin gwaji, kuma a yau masana'antu a Sin da Indiya suna fitar da shi da yawa, irin wanda sinadarinsa da ƙyallinsa ɗaya ne da na haƙa. Shi kansa kamfanin De Beers ya shiga wannan kasuwa a 2018 yana sayar da karat ɗaya a kan dala 800, sannan a 2025 ya ba da sanarwar rufe wannan reshe bayan farashin ya zube warwas. Na haƙan ma farashinsa ya yi ƙasa a shekarun nan. Ina har abadan da aka yi wa mutane alkawari?

Iyayenmu mata sun fi 'yan talla hikima. Mace takan tara gwal ne saboda ranar wuya: ta kai shi gaban mai awo, a ɗora a sikeli, a biya ta da farashin ranar. A shekarar 2025 farashin oza ɗaya ta zinari ya haura dala 4,000 a kasuwar duniya. Shi kuwa daimon, ranar da aka fita da shi daga shago ranar ya fara asara, domin ribar mai shago da kuɗin talla duk suna cikin farashin da aka biya, kuma babu mai mayar da su. Matar da mijinta ya rasu ko aka sake ta, in ta ɗauki zoben ta zaga kasuwar Jibiya, da wuya ta sami mai tayawa, sai dai a auna ɗan ƙarfen da ke riƙe da dutsen. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Kada kuma mu manta da jinin da ya zuba a kan wannan dutse a nan Afirka ta Yamma. Yaƙin basasar Saliyo, daga 1991 zuwa 2002, da kuɗin daimon 'yan tawaye suka riƙa sayen makamai, suna datse hannayen maza da mata da yara, kuma sojojin Nijeriya da yawa sun rasa rayukansu a can ƙarƙashin rundunar ECOMOG. A 2012 kotu ta yanke wa tsohon shugaban Laberiya, Charles Taylor, ɗaurin shekara 50 saboda hannunsa a wannan ta'asa. An kafa tsarin tantance asalin duwatsu a 2003, amma mu mazauna bakin iyaka ba ma buƙatar a koya mana yadda kaya ke sauya takarda a hanya.

ABIN DA MUKE FAƊA DA ABIN DA BA MU FAƊA BA

Mun san za a ce, ga su nan, komai sai sun haramta. To, a saurara da kyau. Ba mu ce daimon haramun ne ga mace ba. Allah Ya yi inkari a Suratul A'araf, aya ta 32, ga masu haramta adon da Ya fitar wa bayinSa. Mace tana da damar yin ado da zinari da azurfa da duwatsu, kuma miji mai hali in ya saya wa matarsa da halalinsa, ba da almubazzaranci ba, yana da ladan kyautatawa. Abin da muke yaƙa shi ne mayar da zobe wani mataki na neman aure, da abubuwan da suka dabaibaye shi. Ga su dalla-dalla.

Na farko, kamanceceniya. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Umar (R.A.) gargaɗin Annabi (S.A.W.) cewa mai kamanta kansa da wasu mutane yana cikinsu. Mota da waya da agogo amfani ne na kowa da kowa, babu wanda ya keɓanta da su. Zoben baiko kuwa alama ce da ta taso daga bikin addinin wasu, kuma mai yin sa ba ya neman wani amfani face a ce ya yi irin nasu.

Na biyu, baiko alkawari ne kawai, bai halatta komai ba. Yarinyar da aka yi wa baiko tana nan a matsayin bare ga saurayin har sai waliyyi ya bayar, an karɓa, an ambaci sadaki a gaban shaidu. Nana A'isha (R.A.) ta shaida, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa hannun Manzon Allah (S.A.W.) bai taɓa shafar hannun macen da ba tasa ba, ko a wurin mubaya'a. To, ina hujjar mai kama yatsan 'yar mutane a gaban taro? Mafi muni ma, zoben yakan sa su biyun su ji kamar an gama, sai keɓewa da yawo su biyo baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In neman ya watse, wanda ba sabon abu ba ne, saurayi ya kama gabansa, ita kuwa hotunanta suna nan a wayoyin mutane.

Na uku, al'adar takan jawo wa namiji sanya zoben zinari, domin a ce an yi iri ɗaya. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya ga zoben zinari a hannun wani mutum, ya cire shi ya jefar, ya kamanta shi da garwashin wuta. Zoben Annabi (S.A.W.) na azurfa ne, kuma ya riƙe shi ne domin buga hatimi a kan wasiƙun da ya aika wa sarakuna.

Na huɗu, aƙida. Akwai masu rubuta sunan juna a cikin zoben, suna jin cewa muddin yana hannu so na nan, in ya faɗi ko ya ɓace sai gabansu ya faɗi. Wannan ɗan'uwan laya da kambu ne a cikin sabuwar riga. Allah kaɗai ke sanya ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata, kamar yadda Ya bayyana a Suratur Rum, aya ta 21. Rataya zuciya ga dutse hanya ce ta shirka, wal'iyazu billahi.

Na biyar, tsananta aure, kuma wannan ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya.

ZOBEN DA SUNNA TA SANI

Akwai zobe a cikin hadisan aure, amma ku dubi irinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad (R.A.) labarin wani sahabi da ya nemi auren wata mata alhali bai mallaki komai ba sai gyautonsa. Annabi (S.A.W.) ya umarce shi ya je ya nemo wani abu, ko da zoben baƙin ƙarfe ne. Ya je ya dawo bai samu ba, sai aka aurar masa da ita a kan surorin da ya haddace. An ambaci zoben ƙarfe a nan ne domin a nuna mafi ƙanƙantar abin da za a iya bayarwa. Mu kuwa mun juya lamarin, muna son mu mayar da zobe mafi tsadar abin da za a nema.

Sayyidina Ali (R.A.) sulkensa ya bayar a auren Nana Faɗima, shugabar matan Aljanna. Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.) ya yi aure a kan zinari mai nauyin ƙwallon dabino, aka umarce shi da walima ko da da akuya ɗaya. Nana A'isha ta ce sadakin matan Annabi (S.A.W.) dirhami 500 ne. Sayyidina Umar (R.A.) ya hau mumbari ya yi hani da tsadar sadaki, yana kafa hujja da cewa da hakan ɗaukaka ce da Annabi ne ya fi cancanta da ita. A mazhabar Imam Malik mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami uku, wato zinarin da ya ɗan ɗara giram ɗaya.

Ku lura kuma da wannan: sadaki haƙƙin mace ne da Allah Ya wajabta a Suratun Nisa'i, aya ta 4, dukiya ce da za ta riƙe ta juya yadda ta so. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, ya lissafa cinye sadakin mace da waliyyai ke yi a cikin bidi'o'in aure da ya yaƙa a Ihya'us Sunna. Abin takaici, a yau sai a ga an ƙanƙanta wajibi an kumbura abin da ba a nema ba: sadaki ɗan kaɗan, kuɗin zobe da dina da mai hoto ninkin-ba-ninkinsa. Wanda ke cewa yana son ya karrama yarinya, hanya a buɗe take. Ya ƙara mata sadaki da abin da ke da amfani, zinari ko tunkiya ko keken ɗinki ko fili, ya zama nata halak malak.

HALIN DA MUKE CIKI

Ya ku 'yan'uwa, a wane gari ake wannan magana? An rufe iyakokin Nijeriya a watan Agustan 2019, kuma ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Direbobi da 'yan dako da 'yan kamasho da masu sayar da abinci a bakin hanya duk sun ɗanɗana kuɗarsu. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, farashin komai ya tashi. Ga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, manoma sun bar gonakinsu, mata da marayu sun cika gari, wasu sun tsallaka Maraɗi neman mafaka. A 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. In aka bi ƙa'idar 'yan talla ta wata biyu, naira 140,000 ke nan za ta tafi a kan yatsa ɗaya, kuma ko da hakan dutsen ainihi mai girman a-zo-a-gani ba zai samu ba. A watan Oktoban 2023, lokacin da gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu, sadakin kowace amarya naira 50,000 ne. Kuɗin zobe ɗaya ya kusa sadakin mata uku.

Mai kuɗi zai ce, dukiyata ce, ina ruwanku? Muna ce masa ya ji tsoron Allah, domin za a tambaye shi ta ina ya samo ta, a ina kuma ya kashe ta. Allah Ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu a Suratul Isra'i, aya ta 27. Sannan abin da attajiri ya yi yau a matsayin sha'awa, gobe shi ne za a ɗora wa talaka a matsayin dole. 'Yar maƙwabcinsa ta gani, uwarta ta gani, sai a fara cewa 'yarmu ba ta fi 'yar wane arha ba. Talaka kuwa ɗayan uku zai yi. Ko ya ci bashi, ya shiga da amarya gidan da masu bin kuɗi ke sallama tun asuba. Ko ya sayi na jabu ya ce na gaske ne, ya gina gidansa a kan ƙarya, alhali zanen aro ba ya rufe katara. Ko kuma ya haƙura da auren, shi yana tsufa a shago, ita tana tsufa a ɗakin uwarta, Shaiɗan kuwa yana tsakani. Duk al'ummar da ta tsananta halal, to ta sauƙaƙa haram da hannunta. Wanda ya assasa mummunar hanya kuma yana da kamasho a zunubin duk wanda ya bi ta, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim.

KIRANMU

Muna kira ga iyaye da waliyyai su tsaya a kan ma'aunin da Annabi (S.A.W.) ya bayar, wato addini da hali. In an kawo zobe da sunan baiko, a mayar da shi cikin mutunci, a ce wa yaro ya tara kuɗinsa a sadaki da hayar ɗaki. A kuma taƙaita lokacin da ke tsakanin sa rana da ɗaurin aure.

Muna kira ga iyayenmu mata, waɗanda su ne masu buɗe akwati su ƙirga, su daina auna darajar 'ya'yansu da abin da za a nuna wa 'yan ganin lefe. Masu guɗar yau ba za su zo ranar da babu cefane ba.

Muna kira ga 'yan'uwa mata ɗaliban Islamiyya su zama na farko da za su ce ba sa so. Darajarku tana ga Allah, kuma mijin da zai tashe ku sallar asuba ya ciyar da ku da halal ya fi wanda zai durƙusa muku a gaban kyamara.

Muna kira ga matasa su nemi sanin hukunce-hukuncen aure kafin su nemi sanin farashin dutse, su shiga gida ta ƙofarsa, su yi daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya yi alkawari a Suratun Nur, aya ta 32, cewa zai wadata matalautan da suka yi aure daga falalarSa.

Muna kira ga limamai da masu wa'azi na ɓangarorin iyaka biyu, daga Jibiya har Maraɗi, su ɗauki wannan batu a huɗubobi da wuraren ɗaurin aure, domin jama'a ɗaya ce, auratayya ɗaya ce, abin da ya shiga gidan wannan gobe yana gidan wancan. Masu unguwanni da dagatai su haɗa kai da malamai a kan rage ɗawainiyar aure baki ɗaya, kuma masu hali da malamai su fara da 'ya'yansu, domin talaka ba zai saki abin da yake ganin manyansa sun riƙe ba. 'Yan kasuwa kuwa su bayyana wa mai saye haƙiƙanin abin da ke hannunsu, in gilashi ne su ce gilashi ne.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya sauƙaƙa wa matasanmu aure, Ya ba 'ya'yanmu mata mazaje na gari, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da ƙauyukanmu.